Ɗan Masani bai tsaya a kujerun da ya riƙe ba

Allah Ya jiƙan Ɗan Masanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, Ya sa Aljanna makoma. Na karanta rahoton da ku 'yan jarida kuka wallafa na tunawa da rasuwarsa a Alƙahira ranar 3 ga Yulin 2017, kuma ba ku yi ƙarya ba: ya yi Ministan Ma'adinai da Wutar Lantarki a Jamhuriya ta Farko, ya wakilci Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1979, har ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata.

Sai dai kun cika shafi da muƙamai, kun manta da mutumin. Mu da muka tashi a Kano, abin da muka fi riƙewa shi ne dattijon da idanunsa suka tafi amma harshensa bai gaji ba, ana riƙe masa hannu zuwa wurin taro, ya buɗe baki kowa ya yi tsit. Bai taɓa jin kunyar faɗin cewa mahaifinsa baran gidan Madakin Kano ne ba. Manyan yanzu wa zai iya haka?

Marigayi babana, in ya ji muryarsa a rediyo, ko tuwo ne a gabansa sai ya tsame hannu. Bai taɓa gaisawa da shi ba, amma ranar da aka sanar da rasuwar, gidanmu kamar mu aka yi wa mutuwa. To ina ga iyalinsa da suka rasa maigida da uba? Da kun je kun ji ta bakinsu ko na abokansa na ƙuruciya.