Gwajin ƙwaya ga ɗalibai: in an gano, wa zai yi jinyar?

Tun da Ministan Ilimi Tunji Alausa da shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA Buba Marwa suka amince a 2025 cewa a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya, jama'a ke ta sambarka kamar an gama da shaye-shaye. Ni kam abin ya tsaya mini a rai. A ce an gwada yaro a jami'a a nan Sakkwato, fitsarinsa ya nuna tiramol. To, sai me? Hannun wa za a danƙa shi?

Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan shekarar 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa, a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, ba su kai 300 ba, kullum kuma wasu na haɗa kaya zuwa Ingila da Saudiyya. A jiharmu mai ƙananan hukumomi 23, duk wanda hankalinsa ya taɓu, magana ɗaya ake yi: a kai shi Kware. Asibitin tarayya da ke can da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na Ɗanfodiyo su ke ɗauke da nauyin, har da na maƙwabtan jihohi. Mutumin Isa ko Sabon Birni, wanda 'yan bindiga suka kashe ɗan'uwansa a gabansa, barci ya ƙaurace masa har ya koma haɗiyar ƙwaya, da kuɗin motar wa zai riƙa zuwa Kware duk wata?

Na ga inda rashin ma'aikaci ke kai mutane. Wata maƙwabciyarmu, ɗanta ya fara da kodin, ya koma wiwi, har ya zama yana surutu shi kaɗai a bakin rariya. Ta kai shi ƙaramin asibitin unguwa, aka ba shi maganin zazzaɓi aka sallame su. Daga nan sai gidan mari. Da ya dawo bayan wata bakwai, ta ɗaga mini ƙafar wandonsa, na ga zoben tabo baƙi ƙirin a idon sawunsa, ta ce: "Malam, da hannuna na kai shi. Ina zan kai shi in ba can ba?" Ban iya ce mata komai ba. Ba a yi wata biyu ba ya koma ruwa.

Mun tuna 2019, lokacin da aka fasa irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura aka fito da ɗaruruwan mutane cikin sarƙa. Aka yi ta Allah wadai, aka rufe gidajen, amma ba a horar da waɗanda za su karɓi jinyar ba, shi ya sa iyaye ke komawa a ɓoye. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta ba majinyaci haƙƙi. Sai dai doka ba ta zama da yaro minti talatin ta saurare shi, ba ta bibiyar ko ya sha maganinsa.

Masu cewa gwajin zai tsorata yara ba su san jaraba ba: wanda jikinsa ke karkarwa in bai sha ba, takardar kora ba ta hana shi. Masu cewa a gina katafariyar cibiyar gyaran hali kuwa, kwangila suke hange, don gini ba ya jinya.

Abin da ke ci mini rai shi ne hanyar a buɗe take. Tun 1991 manufar ƙasa ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin kiwon lafiya a matakin farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP a 2008 musamman don a koya wa nas da ma'aikacin lafiya na karkara yadda zai gane ciwon damuwa, farfaɗiya, taɓin hankali da jarabar ƙwaya, ya ba da kulawar farko, ya san wanda zai tura gaba. Kafin duk wannan ma, a 1954, likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Lambo ya ajiye majinyata cikin gidajen ƙauyen Aro da ke kusa da Abeokuta tare da danginsu, duniya ta zo tana koyo. Mu kuma muna da kwalejin fasahar lafiya a Gwadabawa da makarantun jinya, suna yaye matasa duk shekara, da yawansu na zaune ba aiki.

Gwamnatin jiha ta ɗebo cikin waɗannan matasa, ta haɗa su da ƙwararrun Kware su horar da su, ta ajiye aƙalla mutum biyu a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, ɗaya mace, don matar aure mai shan kodin a ɗaki ba za ta taɓa buɗe wa namiji cikinta ba. A ba su alawus ɗin da zai zaunar da su a Tangaza da Kebbe. A jawo limamai da masu ruƙiyya, a nuna musu alamomin da in sun gani su turo asibiti. In an yi wannan, sai a kawo kwalaben gwajin.