Wurin fakin na masu goyo, da masu cewa "minti biyu kawai zan yi"

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da shi. Da 'yan'uwana mazauna Ingila nake, musamman mu Hausawa, domin mu ma muna cikin masu wannan hali. Waɗanda ke gida kuma, ku yi haƙuri ku karanta, za ku gane maganar ko da ba ku taɓa ganin wurin ba.

A manyan kantunan ƙasar nan, irin su Tesco, Asda, Sainsbury's da Morrisons, filin ajiye motoci yakan kasu uku. Akwai na kowa da kowa, akwai na masu naƙasa waɗanda ke riƙe da shuɗin kati, sai kuma 'yan gurabe kaɗan da aka ware wa iyaye masu ƙananan yara. Waɗannan na ukun za ka ga an zana hoton keken jariri ko babba riƙe da hannun yaro a kan kwaltar. Sun fi sauran faɗi, kuma a gefensu akwai fili mai zane-zane da ba a ɗora taya a kai. A kansu nake magana.

Ranar Asabar da ta wuce na je sayayyar mako a wani kanti kusa da mu a Manchester. Maigidana ya kwana a wurin aiki, yana barci, don haka na ɗauki jaririyata 'yar wata uku da yayanta ɗan shekara biyu da rabi. Ana ruwa, irin yayyafin garin nan da ba ya tsayawa. Na zaga layin masu yara sau biyu, duk a cike. A gurbi ɗaya wani saurayi ne shi kaɗai yana cin abinci a cikin mota. A wani kuma motar aiki ce da tsani a ɗaure a samanta. Na uku kuwa wata mata ce ta fito tana latsa waya, ta kulle mota ta wuce, ba yaro ba alamarsa. Na haƙura na tafi can tsakiyar fili na samu gurbin kowa da kowa wanda gefensa babu mota, na fito da yarana lafiya.

Da na dawo da kaya cike da keken kanti, sai na tarar wata ƙatuwar jip ta shiga damana, wata mota kuma ta shiga haguna. Ƙofar baya ba ta buɗuwa fiye da tafin hannu biyu. Kujerar jaririyar ba za ta shiga ta nan ba ko da zan kwana ina gwadawa. Na tsaya a cikin ruwa ina lissafi. In bar su a cikin keken kanti a kan hanyar da motoci ke wucewa in ja motar baya? Yaron nan ba ya zama wuri ɗaya na daƙiƙa biyar. In koma ciki in nemi a yi cigiyar mai jip a lasifika? Jaririyar ta fara kuka, lokacin nononta ya yi. Daga ƙarshe wata tsohuwa Baturiya da ta ga halin da nake ciki ta ce in kawo ta riƙe mini. Na damƙa wa matar da ban taɓa gani ba amanar 'ya'yana biyu, na matse na shiga mota, na ja baya a hankali ina kallonsu ta madubi, ƙirjina yana dukan uku-uku. Allah Ya saka wa matar nan da alheri. Amma har na isa gida hannuna rawa yake yi, ina ta tunanin da ba mutuniyar kirki ba ce fa, ko da ƙafata ta zame daga birki.

Mutane da yawa sun ɗauka waɗannan gurabe gata ne da aka yi wa masu haihuwa don kada su yi tafiya mai nisa. Shi ya sa za ka ji ana cewa, "Don kin haihu sai me? Ƙafarki ta karye ne?" Faɗin wurin muke bukata, kuma lissafin a bayyane yake. Gurbin fakin na yau da kullum a Birtaniya faɗinsa mita 2.4 ne, tsawonsa mita 4.8. Awon ya tsaya a nan shekara da shekaru, motoci kuwa sai ƙara ƙiba suke yi. Golf ta farko da ta fito a 1974 faɗinta bai wuce mita 1.6 da ɗan ɗori ba, ta yanzu ta kusa mita 1.8. Manyan jip ɗin nan suna kaiwa wajen mita 2 tun kafin a lissafa madubi. To idan motata mai mita 1.8 ta zauna daidai tsakiyar gurbi, santimita 30 ya rage mini a kowane gefe. Idan maƙwabcina jip ne, nasa ragowar 20 ne. An samu 50 ke nan, in kowa ya daidaita fakin ɗinsa, abin da ba kullum ake yi ba. A cikin wannan 50 ɗin ƙofa za ta ci nata kauri, kujerar jariri kuma faɗinta ya haura santimita 40, ga ni kaina da zan sunkuya in ɗaura bel. Ina za a shiga?

Kuma ba zaɓi muke da shi ba. A gida, goyo ne: ki ɗaure ɗanki da zani a baya, ki shiga mota ki sauke shi kan cinya, shi ke nan. A nan doka ta wajabta yaro ya zauna a kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135, duk wanda ya riga zuwa, kuma direban da ya saɓa ana iya cin tararsa har fam 500. Dokar tana da kyau, rayukan yara take karewa, ni ma ba zan so a sassauta ta ba. Amma tana nufin duk fita sai uwa ta buɗe ƙofa har ƙarshe, ta shigar da rabin jikinta cikin mota, ta yi fama da maɗaurai. Kujera da jaririn ciki sun kusa kilo goma. Ku tuna da wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, wadda ungozoma ta gargaɗe ta kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi na kusan mako shida, kuma ko bayan nan ɗinkin bai daina yi mata magana ba. Ita ce ake so ta murɗa ƙugu ta cusa kilo goma ta 'yar tsaga.

Sai maganar ɗan tatata mai ƙiriniya. Yaro ɗan shekara biyu ko uku tsayinsa bai kai gilashin bayan jip ba, mai ja da baya ba lallai ya gan shi ba. Gurabun masu yara galibi suna jikin hanyar ƙafa da ke kaiwa ƙofar kanti, don kada uwa ta ratsa tsakanin motoci da yaro a hannu ɗaya, keken kaya a ɗayan. Duk wadda ɗanta ya taɓa fizge hannu a filin fakin ta san irin faɗuwar gaban da nake nufi.

Me ya sa mutane ke yi ba tsoro? Saboda sun san babu ɗan sandan da zai zo. Filin kanti fili ne mai zaman kansa, shiga gurbin masu yara ba tare da yaro ba kuma ba laifi ba ne a dokar ƙasa. Yarjejeniya ce kawai: allon da aka kafa ya faɗi sharuɗɗa, kai kuma da ka ajiye mota ka amince da su. Idan ka saɓa, kamfanin da ke kula da filin yana iya aiko maka da takardar biyan kuɗi, wadda yawanci ba ta wuce fam 100, ana kuma rage ta idan ka biya cikin kwana 14. Tun 2012 doka ta hana kamfanonin nan ɗaure tayar mota a fili mai zaman kansa a Ingila da Wales, amma ta ba su damar bin mai motar da kuɗin idan ba a san direba ba. Masu cewa takardar banza ce a yage ta, su tuna da Barry Beavis, wanda ya wuce lokacin fakin a Chelmsford aka ce ya biya fam 85, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2015 kotun ta ba kamfanin gaskiya.

To ikon hukunci yana nan, aiwatarwa ce babu. Dalilin kuwa a ganina shi ne kuɗi. Mafi yawan filayen nan kyamara ce ke gadinsu, tana karanta lambar mota lokacin shiga da lokacin fita. Ka wuce awa biyu ko uku da aka yarda, takarda za ta same ka har gida ba tare da kowa ya motsa daga kujera ba. Amma kyamarar ba ta san gurbin da ka shiga ba, balle ta leƙa ta ga ko akwai jariri a baya. Wannan sai an ɗauki mutum an biya shi ya tsaya cikin sanyi yana kallo, ya kuma jure zagin abokin ciniki wanda kanti ba ya son ɓata wa rai. Laifin da ke kawo kuɗi a sauƙaƙe an sa masa ido, wanda ke jefa yaro cikin haɗari an bar shi ga imanin mutane. Wannan yana ƙona mini rai fiye da saurayin nan mai cin abinci.

Yanzu bari in dawo gida, kan namu. Watannin baya na haɗu da wani abokin maigidana, mutumin kirki wanda muke zumunci da iyalinsa, yana fitowa daga mota a gurbin masu yara. Kujeru biyu na yara a baya, babu kowa a cikinsu. Bayan mun gaisa na ce, "Yaya, ina yaran?" Ya ce, "Suna gida wajen mamansu, Hajiya. Burodi da madara kawai zan ɗauka, minti biyu." Na ce, "Yaya, ka san in matarka ce ta zo da su yanzu ta rasa wuri, ba za ka ji daɗi ba." Ya yi shiru, ya ce gaskiya ne, ya koma ya gyara. Na ji nauyin faɗa masa, girmansa nake gani, amma na fi jin nauyin yin shiru. Kujerar da babu yaro a cikinta ba ta ba kowa izini. Haka ma wanda ya zo da iyali amma ya bar matar da yaran a mota ya shiga shi kaɗai, tunda ba a fito da kowa ba, faɗin wurin bai amfane shi da komai ba. Kuma minti biyun nan, a cikinsa ne wata ta zo ta zaga ta wuce tsakiyar fili, ita kuma awa guda za ta yi.

Abin da ke ba ni mamaki, mu ba baƙin wannan tarbiyya ba ne. A Kano ko Zariya, mace ta tsayar da bas da goyo a baya, kafin ta ce uffan wani ya matsa, wata ta miƙo hannu ta karɓi yaron, kwandasta ya ɗauki kayan. Babu allo, babu tara. Mun taso muna jin cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne, mun san ma'anar haƙƙin wani. Yaya za a yi mu zo ƙasar da har an zana wa mai goyo wurinta da fenti, sannan mu ce ai doka ba ta hana ba?

Duk da haka ban yarda da masu tare mutane suna ihu ko ɗaukar hotonsu su watsa a Facebook ba. Ba komai ido ke gani ba. Tun 2019 Ingila ta faɗaɗa shuɗin katin nan ya haɗa da lalurorin da ba a gani a jiki. Mai naƙasa da ya tarar nasu gurabun sun cika ya shiga namu, ni ba ni da ta cewa, ya fi ni bukata. Mace mai tsohon ciki, wadda ba za ta iya fita ta tsagar santimita 50 ba, a wurina ta cancanta ko allon bai ambace ta ba. Wani kuma ka gan shi ya fito shi kaɗai, ashe yaron yana ciki tare da kakarsa, ɗauko su ya zo yi. Tambaya cikin ladabi ta isa, in ya ƙi ji sai a sanar da ma'aikatan kanti.

Mu iyaye ma akwai namu. Alluna da yawa suna cewa yara 'yan ƙasa da shekara 12, amma wanda ya zo da ɗan shekara goma mai buɗe ƙofa ya sauka da kansa ya san a ransa ba don shi aka yi wurin ba. Ina da babbar 'ya mai shekara takwas, in da ita kaɗai na fita, gurbin kowa da kowa nake shiga.

Bayan abin da ya faru ranar Asabar na zauna na rubuta wa manajan kantin takarda. Na roƙi abu biyu. Na farko, a riƙa sa ma'aikaci yana zagawa layin ko da a ranakun Asabar da Lahadi ne kawai, lokacin da aka fi cunkoso. Na biyu, a ɗauke gurabun masu yara daga bakin ƙofa a mayar da su can gefe ko ƙarshen fili, muddin za a yi musu hanyar ƙafa mai shinge har zuwa kanti, a ajiye kekunan kaya masu mazaunin jariri a kusa. Mai neman burodin minti biyu kusancin ƙofa ne ke jawo shi, in wurin ya yi nisa da kansa zai bar mana. Ni na yarda in yi tafiyar mita ɗari cikin ruwa da yarana, in dai zan dawo in buɗe ƙofar motata har ƙarshe. Matan Manchester da kewaye da ke son kwafin takardar su aika wa nasu kantin, ku yi mini magana ta saƙo zan tura muku.