Ku Sauke Kaya, 'Yan Zango

Ranar Lahadin da ta wuce, ina fitowa daga masallaci bayan sallar asuba, wayata ta yi ƙara. Aminina ne da muka yi makarantar allo tare a nan Nima, cikin birnin Akra, yanzu shekararsa goma sha ɗaya a unguwar Bronx ta birnin New York. A can tsakar dare ne, tasowarsa daga aiki ke nan. Muka gaisa, ya tambayi Mma da yara, sai ya ce, "Malam, don Allah juya mini wayar in ga titi." Na juya masa. Mai koko ta riga ta sauke babbar tukunyarta, ta yaye ledar da ta rufe bakinta, tururi na tashi. Gefenta 'yarta na jefa ƙosai cikin mai. Wani dattijo da carbi a hannu ya tsaya yana gaisawa da mai shayi, yaron trotro na rataye a ƙofar mota yana kiran masu zuwa Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah. Aminin nan nawa ya yi shiru har na zaci layin ne ya yanke. Da na mayar da wayar wajen fuskata sai na gan shi yana share ido da bayan hannu. Ya ce, "Ka san wannan ƙamshin har nan nake jin sa?"

A yammacin ranar na biya ta majalisar samarin layinmu, wadda muke kira bes. Ana zuba ataya zagaye na biyu, hira ta yi zafi. Wani yaro da aka haifa a gabana, na ci tuwon sunansa, yana cewa shi ba abin da ya tsana kamar ya buɗe ido da safe ya ga har yanzu yana Nima. Sauran suka tafa masa. Ban ce masa komai a wurin ba, don ba a yi wa saurayi faɗa a gaban abokansa. Amma maganar ta kwana da ni, ita ce ta sa na zauna nake rubuta muku wannan, ku ƙannena maza da mata na Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina.

Na san abin da ke cin ku, don a cikinsa nake. Na san mai gida yana neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule kan ɗaki ɗaya da ba banɗaki. Na san yaro ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo yana zaman jira. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin 100, duk mun ga yadda kuɗinmu sidi ya narke a aljihu kamar gishiri a ruwa. Mun sha dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, an kwana ana fifita. Wanda ya ce muku babu wahala a nan, ƙarya yake yi. Sai dai wahalar ta rufe wa da yawanku ido har ba kwa ganin komai sai ita. Jikinku na Akra, zuciyarku na layin ofishin jakadanci. Kuna cin abinci ba kwa jin ɗanɗanonsa, kuna zaune da iyayenku ba kwa jin hirarsu, shekarun ƙuruciya na zubewa kuna cewa ai rayuwa ba ta fara ba tukuna, sai an fita.

Kun san ma'anar zango? Wurin da ayarin fatake ke yada kaya ne, a kwana, a shayar da jakuna, gari ya waye a ɗaura a wuce. Kakanninmu sun biyo hanyar goro daga Kano da Katsina da Sakkwato, suka ratsa Borgu da ƙasar Dagwamba zuwa kasuwar Salaga, suna kawo kanwa da fata da tufafi, suna komawa da goron ƙasar Tonawa, wato Asante. Da yawansu da niyyar kwana kaɗan suka zo. Amma suka sauke kaya, suka gina masallaci, suka buɗe makarantar allo, suka auri 'yan ƙasa, suka binne iyayensu a nan. Malam Baƙo ya nemi fili wajen sarakunan ƙabilar Ga, 'yan asalin Akra, ya kafa Sabon Zango fiye da shekara 100 da suka wuce. Malam Futa ya sauka a inda Nima take yau tun wurin yana dajin kiwon shanu. Mutanen Ga suna da nasu bayanin asalin sunan, amma dattawanmu da yawa da kalmar ni'ima suke danganta shi. Mutumin da ya dubi fili da ciyawa da shanu ya ambaci ni'ima, shi ne kakanku. Su sun mayar da zango gida. Ku kuma kuna neman mayar da gida zango, kun ɗaure kaya kun zauna a kansa kuna jiran ayarin da ba ku san ranar zuwansa ba.

Bari in tsaya a kan kokon nan, don na ga kun raina shi. Matar da ke sayar da shi a bakin layinmu tun ina yaro nake ganin ta. Gero take jiƙawa ya kwana, ta kai inji da citta da kanumfari da barkono, ta tace, ta bar shi ya yi tsami daidai. Tun ƙarfe uku na dare wutarta ke ci. In ka miƙa kwano, sai ta ɗaga ludayi sama ta zubo shi kamar zare, ta dubi fuskarka, ta san ko kai mai son sukari da yawa ne ba tare da ta tambaya ba. Kurɓar farko cittar na bugun maƙogwaro, gumi ya tsatso a goshi, ka gutsuri ƙosai mai zafi ka bi da shi. Ranar da ba ka da ko sisi, "Mma, gobe" kawai za ka ce, ta zuba maka ba ta ko ɗago kai. Wannan abin da kuke sha a tsaye kuna danna waya, duk faɗin Gana da sunanmu ake kiran sa: Hausa koko. Ma'aikacin banki da lauya suna tsayar da mota su shiga layi dominsa. Waakye da ake tinƙaho da shi a manyan otal, shinkafa da wakenmu ne, da karan dafi ake ba shi jan launin nan, har sunan ma daga bakinmu aka ɗauka. Haka tuwon zafi da miyar ayoyo, haka tsiren da suke kira cicinga, haka fura da masa da funkaso. Iyayenmu mata ne suka ciyar da ƙasar nan har harshenmu ya shiga bakin kowa. Aminina na Bronx yana iya sayen garin koko a leda a shagon 'yan Afirka. Matar da ta san shi tun yana tsirara, wadda za ta tambaye shi jikin mahaifiyarsa, ita ce ba ya samu.

Ranar Laraba ku shiga kasuwar Nima ba don sayen komai ba, ku buɗe ido da kunne kawai. Buhunan gero da dawa da wake an jibge su har sun fi mutum tsawo, albasa daga Nijar, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, man kaɗanya a ƙwarya. A taku ashirin za ka ji Hausa da Zabarmanci da Dagbanci da Kotokoli da Fulatanci da Twi da Ga, kuma in ciniki ya cije kowa Hausa yake dawowa. Yaron Nima yana tashi da harshe uku ko huɗu bai biya ko kwabo ba. Wasu a Turai makaranta suke shiga su biya kuɗi don su koyi biyu.

Akwai wata ni'imar da ba a jin nauyinta sai an rasa ta, ita ce kwanciyar hankali. Ku tambayi 'yan uwanmu da ke zuwa daga Burkina Faso da Mali da wasu sassan arewacin Nijeriya me ake nufi da mutum ya kwanta bai san ko zai wayi gari a gidansa ba. A nan mulki ya koma daga wata jam'iyya zuwa wata a 2001 da 2009 da 2017 da 2025, duk ta akwatin zaɓe. Musulmi ba su ne mafi yawa a ƙasar ba, amma tun zamanin Rawlings ranakun Sallah ƙarama da babba hutu ne na ƙasa. Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, da ya cika shekara 100 a 2019 da ƙafarsa ya je cocin Katolika na Christ the King ranar bikin Ista ya zauna da maƙwabtanmu Kirista, duniya ta yi ta mamaki. Mu ba mu yi mamaki ba, don a gidajenmu na haya haka muke zaune: ranar Layya a kai wa maƙwabciya Kirista nama, ranar Kirsimeti ta aiko da nata kwanon. Ga babban masallacin ƙasa a Kanda da hasumiyoyinsa huɗu, an buɗe shi a 2021, daga Nima da ƙafa ake zuwa. Nawa ne cikinku suka taɓa zuwa da wuri ranar Juma'a suka zauna a ciki, suka ɗaga kai suka kalli ƙubbar nan cikin natsuwa?

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, yana da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Ku ƙirga da kanku, safiya nawa cikin shekarar nan kuka samu ukun nan cif. Kuma son gida ba rauni ba ne. Ranar da zai bar Makka ya juya ya dube ta, ya ce ita ce mafi soyuwar ƙasa a gare shi, ba don mutanenta sun fitar da shi ba da bai fita ba. Sayyidina Bilal da zazzaɓi ya kama shi a Madina, ciyayin kwarin Makka da ruwanta da duwatsunta yake ambato yana begen su. Allah kuma ya faɗa a Suratu Ibrahim cewa in kun gode zai ƙara muku.

Kada wani ya ce na hana shi tafiya. Mu jikokin fatake ne, tafiya a jininmu take, kuma kuɗin da 'yan uwanmu ke aikowa daga waje ya gina gidaje ya biya kuɗin makaranta ya kai tsofaffi Hajji. In hanya ta buɗe maka ta halal, da takardu, ka tafi da albarkar iyaye. Abin da nake roƙon ku shi ne kada ƙin gida ya kore ku, don wanda ƙiyayya ta kora ba ya duba inda yake sa ƙafa. Shi ne mai sayar da keken ɗinkin uwarsa ya miƙa wa ɗan koneshan, wato dillalin da ke alkawarin fitar da mutum waje. Shi ne mai bin hanyar Agadas ya shiga hamada zuwa Libiya. A layinmu kaɗai akwai uwar da har yau ba ta san ko ta yi wa ɗanta sadakar mamaci ko ta ci gaba da jira ba, duk lambar da ba ta sani ba ta kira ta, hannunta rawa yake yi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Ku dubi Mohammed Kudus: a ƙurar filayen Nima ya koyi ƙwallo, ya je Denmak da Holan da Ingila. Ranar da ya zura wa Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2022 kun ga yadda titin Nima ya cika har mota ba ta wucewa. Yaron nan bai taɓa ɓoye inda ya fito ba, ko'ina ya je da sunan Nima yake tafe.

Godiya kuma ba a baki take tsayawa ba. Babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi, wa ke zuba mata shara? Mu ne. Da hadari ya haɗu sai a fito da bokitin shara a juye, a ce ruwa zai tafi da shi. Ruwan nan rafin Odo yake gangarawa, ya bi ta Sakul. Ranar 3 ga Yuni 2015 ambaliya da gobara suka haɗu a can, mutum fiye da 150 suka rasu a dare ɗaya, kuma toshewar magudanan ruwa na cikin abin da ya jawo. Mutum ya jefa ledar ruwa a ƙofar gidansu, ya juya ya ce unguwar ƙazama ce, zai gudu inda ake da tsabta. Can ɗin da kuke gani a waya fes, mutane ne suka share shi, kuma in kun je ku za a miƙa wa tsintsiyar. Wurin da kake ƙauna ba ka iya ganin sa cikin datti ka wuce. Shi ya sa nake ganin raina gida da lalacewar gida abu ɗaya ne, kowanne na ciyar da ɗaya.

Ku ɗan rage gudu. Ku zauna kusa da kakarku ku tambaye ta yadda suka ji a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, wa ya tafi, wa ya tsaya, me ya sa ta tsaya. In hunturu ya shigo a Disamba, ku fito da sassafe ku ji sanyin nan mai ƙamshin ƙura da yake zuwa mana daga ƙasar kakanni. Akwai Bahaushen da ya tsufa a Kano bai taɓa ganin teku ba, ku kuwa kuɗin trotro kaɗan ne tsakaninku da Labadi. Ku je da yamma, ku sa mai kwakwa ya fasa muku ɗanya, ku shanye ruwan, ku miƙa ya tsaga ya ba ku ɗan ɓawon da za ku kankare naman da shi. Ku ɗauki ƙannenku ku je da su.

Shi kuwa yaron nan na bes, jiya na tare shi shi kaɗai bayan asuba. Na ce, "Zo raka ni wajen Mma." Muka zauna a benci, aka zuba mana. Na kira aminina na Bronx na miƙa masa wayar, na ce ya gaida babansa. Suka gaisa, sai na ji muryar daga can tana cewa, "Ɗana, me kake sha?" Ya ce koko. Aka ce, "Ɗaga kwanon in gani." Ya ɗaga. Sun fi minti ashirin suna magana, ban sa musu baki ba, na dai ga yaron ya daina murmushi yana saurare. Da muka tashi na ce masa ranar Asabar da safe za mu yashe kwatar ƙofar masallaci, ina da shebur biyu. Ya ce zai zo da abokansa uku.