Ƙasashe 195, Ni Kuwa Ina Andora

Ran da na ƙudura zaga duniya ta hanyar karatu, ko littafi ɗaya ban buɗe ba. Taswira na sayo, ƙatuwa, irin wadda ake kafawa a bango, da kwalin fil mai kan roba launi uku. Mai hankali tun daga nan zai gane inda aka dosa, amma ni a lokacin ji nake na riga na ci rabin hanya.

A baki shirin ba wuya: littafi ɗaya a kan kowace ƙasa ta duniya, cikin shekara guda. Na ji labarin wata marubuciya 'yar Birtaniya, Ann Morgan, da ta yi makamancin haka a 2012, na ce ai abin da mutum ya yi mutum zai yi. Ban tsaya tambayar yadda ta yi ba. Sai ma na tara mutanen gida na yi musu shela, na manta baki shi ke yanka wuya.

Cikas na farko shi ne sanin ƙasashen nawa ne. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da mambobi 193, ga Vatikan da Falasɗinu a matsayin 'yan kallo, jimla 195. Akwai irin su Kosobo da Taiwan da ake ta jayayya a kansu, na ce ni karatu na zo yi, ba sasanci ba, na tsaya a 195. Na buɗe jadawali a kwamfuta na fara zuba sunaye, wasu daga kaina, wasu daga jerin da na samo a intanet, wasu daga taswirar. Da na gama na ƙirga, sai na ga 198.

Dare uku ina neman ƙasashe ukun nan da suka shigo duniya ba da sanin kowa ba. Ashe Habasha na rubuta a ƙarƙashin H, na kuma rubuta Itofiya a ƙarƙashin I. Sin tana nan, Caina ma tana nan. Kwaddibuwa ta samu layinta, Aibari Kos ta samu nata. Ba cinya ba, ƙafar baya. Abin da ya tona asirin shi ne da na ƙara gurbin babban birni a jadawalin, na ga Adis Ababa sau biyu tana kallona. Duk mai son yin wannan aiki, daga tushe ɗaya tak zai ɗauko jerinsa, ya ba kowace ƙasa lamba, ya sa babban birninta a gefe tun ranar farko. Gurbin nan shi zai raba masa Silobeniya da Silobakiya, da Dominika da Jamhuriyar Dominika, da ƙasashe huɗun nan masu Gini a sunansu, uku a Afirka, ɗaya can kusa da Ostireliya.

Ina cikin murnar dawowa 195 ƙanwata ta leƙo, ta ɗauki biro da bayan wani ambulan.

"Yaya, littafi ɗaya shafi nawa ne?"

Na ce a sa 300, tsaka-tsaki.

"To, 195 sau 300, shafi 58,500 ke nan. A raba da kwana 365, shafi 160 kullum. A awa ɗaya shafi nawa kake ci?"

Na ce 40. Ta dube ni. Na ce 30.

"Awa biyar da minti ashirin ke nan kowace rana, ba ciwon kai, ba baƙi, ba tafiya. Yaushe ka ajiye aiki ba mu ji ba?"

Na ce mata su masu babban buri ba sa zama da biro. Da ta fita na ɗauki ambulan ɗin na sake lissafin a ɓoye, na ga ba ta yi kuskure ko na ɗigo ba. Ko da littafi ɗaya nake gamawa duk mako, sai na yi shekara uku da wata tara. Gaskiyar karatuna kuwa shafi 25 ne a rana, wato littafi ɗaya a kwana 12, kusan 30 a shekara. A wannan tafiyar shekara shida da rabi ce a gabana. Na ninke ambulan ɗin na cusa ƙarƙashin kwamfuta, na ci gaba da shirin shekara guda kamar ban gani ba.

Sai kafa fil. Tsarin da na yi: ja ga ƙasar da na karanta, shuɗi ga wadda littafinta ya shigo hannu, rawaya ga wadda nake nema. Tunda komai nema nake, rawaya 195 nake bukata, kwalin kuwa 50 ne na kowane launi. Wannan ƙaramar matsala ce. Babbar ita ce taswira ba ta san da ƙananan ƙasashe ba. Kan fil ɗaya ya rufe Vatikan da birnin Rum da kewayensa gaba ɗaya, don ƙasar ko rabin murabba'in kilomita ba ta cika ba. A tsibiran Karibiyan fil ya hau kan fil har takardar ta yage. Na yi rabin awa ina laluben Nauru da Tubalu a cikin shuɗin tekun Pasifik, na soke wani ɗigo da ƙarfin gwiwa, daga baya na gane kashin ƙuda ne. Da na zo Sudan ta Kudu kuwa, babu ita sam. An buga taswirar kafin 2011, shekarar da ta samu 'yanci. Iswatini ma tana nan da tsohon sunanta na Suwazilan, wanda aka canja a 2018. Wato na sayo duniyar da ta riga ta wuce, na kafa ta a bango da ƙusa huɗu. Shekarar bugu tana nan rubuce da ƙananan baƙaƙe a kusurwar ƙasa, inda ban duba ba.

Na ce to, a fara. Na zaɓi bin abacada ta sunayen Turanci saboda ya fi kama da aikin mutum mai tsari. Afganistan ta zo da sauƙi, littattafai a kanta har sai ka zaɓa. Albaniya na ɗan nema na samu. Aljeriya ba matsala. Ta huɗu ita ce Andora.

Andora 'yar ƙasa ce a maƙale cikin duwatsu tsakanin Faransa da Sifen, mutanenta ba su kai dubu ɗari ba, harshen hukumarsu Katalan. Ni ba Katalan nake ji ba. Laburare ba su da komai a kanta sai sakin layi biyu a cikin wani kundin bayanai. Na samu fassarar wani labari a intanet, na yi oda, aka ce mako uku. Ya yi shida. Duk tsawon makonni shidan nan littafin Angola yana kan tebur yana jirana, ni kuwa na ƙi taɓa shi, wai kada in karya doka. Dokar da ni na kafa, ba wanda ya san da ita sai ni. Kullum ƙanwata in ta wuce sai ta ce, "Yaya, ya mutanen Andora? Sanyi bai dame ka ba?"

Aibin abacada ke nan: tana jera ƙasashe ba tare da ta damu da wahalar samun littafinsu ba, kuma ƙasa ɗaya mai wuya tana iya tsayar da ayari duka. Masu wuyar nan, irin su San Marino da Monako da Sawo Tome da tsibiran Pasifik, su ya kamata a fara nema tun makon farko, a ba su wata biyu su iso, a riƙa karanta masu sauƙi kafin nan. Kuma kada hannu ya rabu da littafi biyu na ko-ta-kwana.

Ina cikin zaman jiran ne wata tambaya ta taso wadda ya kamata in amsa tun kafin in sayi fil. Me ake nufi da littafin ƙasa? Wanda labarinsa ya faru a can, ko wanda ɗan can ya rubuta? Ba abu ɗaya ba ne ko kusa. Baƙo yana iya yin mako biyu a otal ya koma gida ya rubuta shafi 400 a kan ƙasar, ɗan ƙasa kuma yana iya rubuta labarin da daga farko har ƙarshe a wata nahiya yake. Na zaɓi inda labari ya faru, da sharaɗin in akwai na ɗan ƙasa shi ne gaba, don a ganina mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Nan take dokar ta haifi 'ya'ya. Labarin da aka yi a Tarayyar Sobiyet fa, wadda ta watse a 1991 ta zama ƙasashe 15, wa zan soka wa fil? Na Cekosilobakiya, da ta rabu biyu a 1993? Na ce a bi birnin: duk ƙasar da birnin yake a yau, ita ce da littafin. In labari ya ratsa ƙasashe da yawa, wadda ta ci fiye da rabin shafuka ita ce da shi. In a cikin jirgin ruwa aka ƙare, ba na kowa ba ne.

Wannan doka ta rabin shafuka, in faɗi gaskiya, ba don Allah na kafa ta ba, kama ni aka yi. Na samu wani labarin matafiyi da ya keta ƙasashe bakwai, na ga abin nema ya samu, na ɗebo jan fil bakwai. Ina soka na biyar ƙanwata ta ɗauki littafin ta duba.

"Yaya, wannan ƙasar fa a filin jirgi kawai ya kwana. Shafi uku."

"Ai ƙasa ce."

"To ni ma na je duk ƙasar da na taɓa gani a talabijin."

Na cire huɗu, na mayar da biyun da ke hannuna cikin kwali.

Da na fid da rai da abacada, na ce bari in yi tsalle in huce haushi da ƙasa mai nisa. Na ga wani labari an rubuta a bayansa cewa a Jojiya ya faru, na ɗauka ba tambaya. Na zauna ina jiran duwatsun Kokesas da birnin Tibilisi. Shafi 40, gonakin auduga. Na ce wataƙila ƙauye ne. Shafi 90, kowa sunan Turawan Ingilishi gare shi, na ce aikin mai fassara ne, na ma ɗan zage shi a zuci. Sai a shafi na 120 da jarumin ya hau mota zuwa Atlanta na gane a jihar Jojiya ta Amurka nake tun safe. Haushin da ya fi ci mini rai, littafin yana da daɗi, ga shi kuma na riga na tanadi wani na Amurka.

Kongo ma ta yi mini irin wannan, sai dai ita da sauƙi, kogi kawai na tsallaka ba da niyya ba. Kinshasa da Barazabil suna kallon juna ta kan kogin Kongo, kowacce babban birnin ƙasa ce daban, ni kuwa na sayi littafi biyu duk na ɓangaren Kinshasa. Tun daga ranar ba na yarda da sunan ƙasa a bayan littafi. Sai na buɗe babin farko na nemo sunan gari, na duba shi a taswira, sannan in sa hannu a aljihu. Minti biyu ne, da na yi su da ban kwana a Atlanta ba.

A wata na uku na zaro ambulan ɗin nan daga ƙarƙashin kwamfuta na miƙa wuya. Sabon tsari: ƙasa 30 a shekara, ana zagaya nahiyoyi don kada in yi wata huɗu a Turai kaɗai, Afirka kuma mai ƙasashe 54 tana samun kaso mafi tsoka. In na gama mai kauri sai in bi shi da siriri, tarin gajerun labarai ko waƙoƙi, don numfashi ya dawo. Littafin da ya kai shafi 50 bai kama ni ba, in ajiye shi in nemi wani daga ƙasar, ba aure muka ɗaura ba. Jadawalin da ya kai gurbi 14, har da na launin bango da nauyin littafi, na rage shi zuwa biyar: ƙasa, birni, suna, yawan shafi, ranar gamawa. Da nake gyaran kanta don sababbin littattafai kuma na tarar da ƙasa 11 a jere cikin waɗanda na karanta shekarun baya. Kaza ta kwana a kan dami. Na nemi a lissafa mini su, ƙanwata ta ce ba a biyan bashin bana da kuɗin da aka kashe bara.

Littafin Andora ya iso ranar wata Talata, siriri, shafinsa bai kai 200 ba. Na cinye shi a kwana biyu saboda fushi. Na ɗauko jan fil na nufi bango da taƙama, sai na tarar ɗan ƙanwata mai shekara huɗu ya riga ni. Ya hau kujera ya tsige fil ɗin duka, ja da shuɗi da rawaya, ya jera su reras a kan Antatika, wai can ne ya fi fili.

Na tsaya da fil ɗaya a hannu. Uwarsa ta leƙo ta dubi bangon, ta dube ni.

"Yaya, ita wannan a cikin 195 ɗin take, ko sabon lissafi za mu yi?"