Alhaji, ina takardar gwajin ruwan?

Wai "ruwan ai fari ne tas, me kuma kuke nema?" Amsar da Alhaji, shugaban kwamitin ruwa na garinmu, ya ba ni ke nan, ni da na baro Kumasi da asuba na je na tarar da ɗan ƙanwata kwance a asibiti ana ƙara masa ruwa.  Yara huɗu a layi ɗaya, duk taifot, duk famfo ɗaya gidajensu ke ɗiba. Amma wai fari ne tas.

Ma sha Allah. Ashe idon Alhaji na'urar gwaji ce ba mu sani ba. Sai a rufe ɗakunan gwaji na Akra da Kumasi a huta, a riƙa kai masa ruwa a kofi yana leƙawa yana sa hannu.

Tambaya ɗaya na yi masa, ita zan ci gaba da yi har a gaji da ni: ina takardar gwajin ruwan nan? Yaushe aka ɗebi ruwan a kwalba aka kai inda ake gwadawa, wa ya kai, me aka gani? Shiru. Sai ya koma ba ni tarihin yadda suka sha wahala kafin a haƙa rijiyar burtsatsen. Baba Alhaji, na san tarihin, da ni aka yi karo-karo. Ba shi na tambaya ba.

Da ya ƙi ba ni amsa na ari tsani na hau tankin da kaina. Murfin ya tsage, an ɗora masa guntun kwano an danne da dutse. Bangon ciki ya yi gansakuka kore shar, hannu na sa na shafo ta kamar yauƙin kuɓewa. Yaron da ke kunna inji ya ce rabon da a sayi kulorin tun kafin azumi. Na sauko na auna da ƙafata daga bakin rijiyar zuwa sabon masan da wani ya gina a bayanta, taku goma sha takwas, alhali ma'aikatan tsafta cewa suke a bar aƙalla mita 30. Ruwa ba ya tsami banza, jama'a.

Kuma fa ba kyauta ake shan ruwan nan ba. Kowane galan ɗin Kufuor, wato jarkar ɗibar ruwa, sidi ɗaya, matar da ke tsaron famfo da littafinta a cinya, ba ta yafe ko na marainiya. Littafin kuɗi bai taɓa ɓata ba, bai taɓa jiƙewa ba, kowace rana da shafinta. Takardar gwaji ce kaɗai ƙasa ta haɗiye. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Tun 1998 doka ta kafa hukumar CWSA don ruwan ƙauyuka da ƙananan garuruwa, kuma tsarin da aka bi da garuruwa irin namu shi ne gari ya naɗa kwamiti, kwamiti ya karɓi kuɗi, daga kuɗin a yi gyara, a wanke tanki, a gwada ruwa. Namu kwamitin ya haddace sashen karɓar kuɗi, sauran ya bar wa Allah.

Na ga masu cewa in bar dattijo ya huta, 'yan galamse, masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ne suka ɓata ruwan ƙasar nan gaba ɗaya. Ku daina koya mini galamse, a gefen kogin Ofin aka haifi uwata. Na ga Ofin da Pra da Birim sun koma kalar koko. A 2024 kamfanin ruwa na ƙasa da kansa ya faɗa cewa laka a matatar Sekyere Hemang ta kai 14,000 a ma'aunin gurɓacewa, matatar da aka gina don 2,000. To sai me? Ɗan galamse ne ya fasa murfin tanki? Shi ya hana sayen kulorin? In ma ramukansu sun kusa garin, wannan ai ƙarin dalili ne na gwaji. Zaibar da suke kama zinariya da ita ba a ganinta a kofi, tafasawa ba ta fitar da ita, alif kuwa laka kawai yake kwantarwa. Ina takardar?

Sai 'yan "kakanninmu ruwan rafi suka sha suka yi shekara ɗari". Eh, suka kuma yi jinyar kurkunu, ana naɗe tsutsa a tsinke mutum na kwance damina guda bai je gona ba. Sai a 2015 aka tabbatar Ghana ta rabu da kurkunu, kuma ba da kallon ruwa da ido aka rabu da shi ba, da tacewa ne da bin tafki-tafki. Kwalarar 2014 ta kama mutum sama da dubu 28 a ƙasar nan, mafi yawa a Akra, ta kashe sama da 200. Ku tambayi mutanen unguwannin Nima da Mamobi a Akra ko ruwan da suka sha lokacin baƙi ne. Ku je Bongo can arewa ku ga ruwan rijiyar burtsatse garau kamar hawaye, sannan ku kalli haƙoran yaran da sinadarin fuloraid na cikin ruwan ya rina.

Wani malami kuma ya rubuto mini cewa matuƙar launi da ɗanɗano da ƙamshi ba su canza ba, ruwa mai tsarki ne. Allah ya gafarta Malam, wannan babin alwala ne, mu ma mun karanta a makarantar zaure. Ƙwayar taifot ba ta karya alwala, hanji take hudawa. Kuma ai an ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara.

Wallahi ba don in tozarta kowa na rubuta wannan ba. Alhajin nan shi ya yi wa babanmu wanka da ya rasu, ba zan manta ba har abada. Amma na zauna bakin gadon yaron nan cikin dare, jikinsa zafi kamar garwashi, ƙanwata tana shafa masa tsumma tana tambayata a hankali, "Yaya, in mun koma gida wane ruwa zan ba shi?" Ban da amsa. Abin da nake roƙo bai kai ya kawo ba: a wanke tanki, a gyara murfi, a kai ruwan gwaji, a liƙa sakamakon a jikin bangon famfo inda littafin kuɗi yake, liman ya karanta ranar Juma'a. In kuɗi ne babu, a faɗa, mu 'yan garin da ke Kumasi mu haɗa. Amma a nuna mana inda sidi ɗaya ɗayan nan ta shiga tukuna.

Masu cewa a sha fiya wata kuma, ku lissafa wa mai 'ya'ya shida, har da girki da wanke-wanke. Ni ma buhu biyu na sayo musu a tasha, sai da na iso gida na duba ledar, babu lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta FDA ko ɗaya, sai hoton dutse da ruwa na gangarowa. Ledojin nan ma wata masifa ce. Jiya na bi ta unguwar Aboabo a Kumasi bayan ruwan sama, kwata ta toshe da su har ta amayo kan titi, ga wani saurayi da fararen kaya ya tsotse tasa ya wurga ciki a gabana, ya shige masallaci abinsa. Na ɗauki hotonsa, amma ta baya.