Ku ƙyale ni da lissafin zobe

Wallahi na gaji da gardamar wane ne gwanin gwanaye a ƙwallon kwando! Kullum da dare a teburin mai shayi sai an tayar da ita, kana buɗe baki wani zai ɗaga maka yatsu shida: "Jordan zobe shida, magana ta ƙare." Wato Michael Jordan ya ci kofin NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sau shida, kowane kofi da zobensa. To, magana ta ƙare a gidan wa? Shi kaɗai yake shiga fili, sauran huɗun suna gefe suna ɓarar gyaɗa? Kafin abokin wasansa Scottie Pippen ya zo ƙungiyarsu ta Chicago Bulls a 1987, sau uku ana koro Jordan tun zagayen farko. A 1986 ya zuba wa Boston maki 63 a wasa ɗaya, amma aka cinye su. Da ya ajiye ƙwallo a 1993, Bulls suka ci wasa 55 ba shi! Su ma mutanen LeBron James, masu cewa shi ne gwanin, ba su da dama, bakinsu ba ya faɗin sunan Ray Allen, alhali jifansa daga kusurwa ya ceto Miami, ƙungiyar LeBron ta lokacin, a 2013. Amma a 2018 da LeBron ya ci maki 51, abokin wasansa J.R. Smith ya cafe ƙwallo ya ruga waje da ita ana kunnen doki, ƙarshe aka cinye su, yanzu laifin wa za a rubuta? In zobe ne ma'auni, ai Robert Horry bakwai gare shi, Bill Russell 11, me ya sa ba mai rantsuwa da su? Ka kawo wannan, sai a ce maka ba ka san ƙwallo ba, shayinka ya huce, muryarka ta dushe, gobe kuma yatsu shidan nan suna jiran ka!