Wa zai yi wa Inna tafinta a asibitin ƙwaƙwalwa?

Likitan ƙashi yana da hoton da zai ɗaga ya ga karaya. Mai duba zazzaɓi yana tura jini ɗakin gwaji. Shi kuwa likitan ƙwaƙwalwa, babban kayan aikinsa magana ce: ya yi tambaya, ya saurari amsa, ya lura da yadda ta fito. In maganar ta karkace a hanya, magani ma zai karkace.

Bara na raka wani maƙwabcina da mahaifiyarsa asibiti. Tsohuwa ce Bazabarma daga yankin Dandi, Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ciniki ba. Tun da autarta ta rasu barci ya ƙaurace mata, abinci ma sai an lallaɓa. Likitan, matashi mai haƙuri, ya dubi ɗan ya ce, "Malam, tambayar mini Inna, takan ji a ranta gara ma ta mutu?" Ɗan ya sunkuyar da kai, ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, "Likita, wallahi bakina ba zai iya faɗa wa mahaifiyata wannan ba." Ɗaki ya yi tsit. Can sai wata nas ta tuna akwai mai shara da ke jin Zabarmanci. Aka kirawo ta, ta jingine tsintsiya a bakin ƙofa, ta goge hannu da zani, ta durƙusa gefen tsohuwar. Mu aka ce mu jira a waje. Da muka dawo, Inna na share hawaye da gefen mayafi, likita kuma ya cika shafi biyu.

Dace kawai aka yi. Da a ce ranar hutun matar nan ce, da maganin barci za a rubuta mu kama hanyar gida. Babu wanda ya rubuta sunanta a matsayin tafinta, babu wanda ya koya mata riƙon sirrin marar lafiya, babu kwabon da ya ƙaru a albashinta. Wannan giɓin ne ya sa nake ganin duk asibitin da ke duba masu taɓin hankali a Kebbi yana buƙatar kwamiti na dindindin wanda aikinsa shi ne tabbatar da an tafi da kowa.

Mai kallo daga nesa yakan ɗauka kowa a Kebbi Bahaushe ne. Masarautu huɗu gare mu, Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru, da ƙananan hukumomi 21, ga iyaka da Nijar da Benin. Akwai Fulani, Zabarmawa, Dandawa, Kyangawa, Dakarkari, Kambari, Dukawa, Gungawa; akwai Musulmi da Kirista, sau da yawa a gida ɗaya a ƙasar Zuru. Kuma ko an ji Hausa, al'ada tana da nata harshen. Bafulatanar da ta ƙi ambatar sunan ɗanta na fari kunya ce take yi, amma ma'aikacin da bai san haka ba yana iya rubuta cewa ta fara mantuwa. Matar da mijinta ke yi mata tafinta, alhali shi ne tushen damuwarta, me ake tsammanin za ta ce?

Ga kuma abin da shekarun nan suka jibga wa mutane. Jirgin ruwan da ya kife a Warra cikin Mayun 2021 ya bar gidaje da yawa cikin makoki. Bayan 'yan makonni aka kwashe ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri. Ƙauyukan Danko-Wasagu sun sha hare-hare. Waɗanda suka tsira da rai suna ɗauke da abin da ido ba ya gani, ga shi likitocin wannan fanni a Najeriya baki ɗaya ba su kai 300 ba. Babban asibitin tarayya na masu taɓin hankali mafi kusa da mu yana Kware a jihar Sakkwato. Mutumin da ya sayar da akuya ya taso daga Zuru ko Bagudo, bai kamata ya isa gaban likita kuma a kasa fahimtarsa ba.

Na san abin da za a ce: ana fama da rashin magani da gadaje, wa ke ta kwamiti? Ƙorafin yana da tushe. Amma maganin da aka bayar bisa kuskuren fahimta asara ce, kuma marar lafiyar da aka wulaƙanta ba ya dawowa. Daga nan sai gidan mari. Ba mu manta da 2019 ba, lokacin da aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, daga irin waɗannan gidaje a Rigasa da Daura. Iyalan da suka kai su can ba duka ne marasa imani ba. Da yawa sun je inda ake jin harshensu ne, inda ba a yi musu tsawa.

Doka ma tana gefenmu yanzu. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai kallon marar lafiya a matsayin abin tsarewa. Sabuwar ta amince cewa yana da haƙƙi da mutunci, yana kuma da ta cewa a kan maganinsa. To amma takarda ba ta zagaya ɗakin kwanciya da dare. Sai an sami mutanen da aka ɗora wa wannan nauyi.

Inda nake jin tsoro shi ne wajen zaɓen 'yan kwamitin. Mun saba da rabon kujeru: ɗaya daga kowace masarauta, a ɗauki hoto, a watse. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Kujera ta farko, a ganina, ta wanda ya taɓa kwanciya a asibitin ne ya warke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: shi ya san wace nas ce ke kiran mutane "mahaukata", ya san wane bayi ne ba shi da ƙofa. Ta biyu ta mai jinya ce, uwa ko matar da ta kwana a tabarma a baranda. Mata kada su gaza rabi, domin akwai abin da mai jego da hankalinta ya gushe ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba. A sa ƙananan ma'aikata, masu shara da masu gadi da masu yankan kati, tunda su marar lafiya ke fara cin karo da su. A sa wakilin masu buƙata ta musamman, musamman kurame, waɗanda ciwonsu ke zama biyu in babu mai jin maganar hannu.

Malamai da fastoci fa? A sa su. Kafin iyali su zo asibiti sun riga sun bi ta wajen mai ruƙiya ko mai addu'a, kuma bayan sallama can za su koma. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro ta Abeokuta, inda ya zaunar da marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci a kansa: babu mari, babu duka, babu cewa a daina shan magani.

Kafa kwamiti aikin yini ɗaya ne, riƙe shi ne jan aiki. Irin waɗannan kwamitoci sukan mutu ran da aka canja shugaban asibiti, ko ran da kuɗin zama ya yanke. Saboda haka a rubuta shi cikin ƙa'idojin asibiti, a ware masa kuɗi a kasafi ko da kaɗan ne, a riƙa biyan kuɗin mota ga wakilan da ba ma'aikata ba, domin matar da za ta taso daga ƙauye ba ta da alawus. Rahotonsa ya tafi kai tsaye ga hukumar gudanarwa, kuma hukumar ta ba da amsa a rubuce. A riƙa sauya wakilai kashi-kashi, kada a kwashe su gaba ɗaya a rasa mai tuna abin da aka faro. Ƙorafi kuma a karɓe shi da baki, don akwatin jefa takarda ba ya amfanar wanda bai iya rubutu ba.

Aikin farko ba ya buƙatar jiran Abuja. A ƙara layi ɗaya a katin marar lafiya: wane harshe ya fi sakewa da shi? Sannan a bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, daga babban likita har mai gadi, a rubuta wanda ke jin Fulatanci, wanda ke jin Zabarmanci, wanda ke jin Dakarci ko Kambarci. A horar da su kan riƙon sirri, a saka musu wani abu a kan albashi, a manna jadawalinsu a ɗakin nas-nas, yadda ko ƙarfe biyun dare aka kawo tsohuwa irin Inna za a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.